Ba aljani ne ya yi wa yaron nan aski ba

Da laifina zan fara, don kada a ce ticha ya zo yana wa mutane wa'azi alhali shi ma da hannunsa a ciki. Shekara biyu da suka wuce, cikin hunturu, ina duba farce da kawunan yara a layin safe kamar yadda muke yi duk ranar Litinin a makarantarmu da ke nan Zogbeli, sai na ga wani fili a ƙeyar wani yaro ɗan aji biyar. Faɗinsa bai wuce tsabar sidi ɗaya ba, zagayayye, sumul, ko silin gashi ɗaya babu. Ban tsaya wani dogon tunani ba. Na ce makero ne, na rubuta wa iyayensa takarda, na ce ya zauna a gida sai ya warke don kar ya shafa wa sauran. Yaran da ke layi duk sun ji. Kafin a tashi ranar an riga an laƙaba masa suna.

Mako uku bai dawo ba, sai na bi shi gida. Kakarsa ce ta tarbe ni a zaure. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam ticha, ai wannan ba ciwon asibiti ba ne. Yaro ya kwanta da gashinsa ya tashi babu, wa ya yi masa askin in ba mutanen ɓoye ba?" Uwar yaron kuma da ta rako ni ƙofa sai ta rage murya ta faɗa mini nata zargin: abokiyar zamanta ce ta yanki gashin cikin dare aka kai wani wuri. Ɗakuna biyu a gida ɗaya sun daina gaisawa. Shi kuma yaron, malaminsa na makarantar dare ya riga ya zane shi tun ranar farko, don ya zaci irin askin gayun nan ne da ake aske wani sashe a bar wani, wanda addini ya hana.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kan yaron da na gani. An kai shi wurin wani mai magani, ya tsattsaga wurin da reza, ya shafa dakakkiyar tafarnuwa haɗe da wani baƙin abu, aka ɗaure ya kwana. Sau uku aka yi haka. Fatar ta saluɓe, tana ruwa. Ga kuma wani sabon fili ya ɓullo a saman kunnensa na hagu, wanda ba a kai ga taɓawa ba saboda kuɗin mai magani sun ƙare.

Kawunsa ne daga baya ya ɗauki katin inshorar lafiya ya sa shi a yalo-yalo suka tafi asibiti. Likita ya duba, aka kankari fatar aka gwada, ba makero ba ne. Ya ce sunan ciwon alofeshiya ariyata. Tun daga ranar nake bin duk abin da na samu a kan wannan ciwo, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne wannan: a unguwanninmu na zango, abin da muke yi wa mai ciwon ya fi ciwon kansa ɓarna.

Ciwon ba sabo ba ne, kuma ba namu ba ne mu kaɗai. Likitocin Musulunci na da sun san shi. Larabawa suna ce masa ciwon yanyawa, kuma Ibn Sina ya yi magana a kansa a littafinsa na likitanci kimanin shekara dubu da ta wuce. Sunan Turancin ma daga kalmar Girkanci ta yanyawa ya samo asali. Abin dariya, mutanen Sin a bakin kasuwa suna ce masa askin fatalwa. Wato kakar ɗalibina ba ita kaɗai ta ga fili sumul da safe ta nemi wanzamin a wata duniya ba. Masu wasan ƙwallo kuwa sun san Pierluigi Collina, alƙalin wasan nan ɗan Italiya da ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya a 2002. Ba aski yake yi ba, wannan ciwon ne ya kwashe masa gashi duka har gira. Kuma duk wanda ke da waya ya ga marin da Will Smith ya yi wa Chris Rock a bikin Oscar na 2022, a kan ba'ar da aka yi wa matarsa Jada, wadda ke fama da zubar gashi. Wani dogon bincike da aka yi a wata gunduma ta jihar Minnesota a Amurka ya gano cewa kimanin mutum 2 cikin 100 za su gamu da ciwon a tsawon rayuwarsu. Ku ƙirga sahun masallacinku ranar Juma'a, ku ga ko nawa ke nan.

To mene ne yake faruwa a ƙarƙashin fatar? Allah ya sa wa jikin ɗan Adam garkuwa, wato fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙar cuta. Ku ɗauke su kamar 'yan sintirin unguwa. Aikinsu su zagaya, su tsare baƙon fuska, su kama ɓarawo. Akwai wasu wurare a jiki da aka keɓe, 'yan sintirin ba sa leƙawa, kamar yadda ɗan sintiri ba ya wuce zaure ya faɗa cikin gidan mutane. Ƙasan saiwar gashi, inda gashin ke tsirowa, yana cikin waɗannan wurare. A jikin mai alofeshiya wannan katanga ce take faɗuwa. Sai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T su ga saiwar gashi, su ɗauke ta baƙuwa, su yi mata taron dangi kamar zuma. Suna yi suna kururuwa da wasu sinadarai da ke kiran 'yan'uwansu, ita ma saiwar tana mayar da amsar da ke ƙara zuga su. Gashin ya daina girma, ya karye, ya zube. Ɗan gida ne 'yan sintiri suka rufe da duka bisa kuskure. Babu ƙwayar cutar da ta shigo daga waje, shi ya sa ba a ɗauka. Ko kun sa hula ɗaya, kun kwana a matashi ɗaya, ba za ta bi ka ba.

Ga wurin da nake so kowace uwa da kowace kaka ta riƙe. Wannan farmaki ba ya kashe asalin saiwar. Ƙwayoyin da ke haifar da sabon gashi suna can sama kaɗan da inda ake yaƙin, kuma yawanci suna tsira. Duk wanda ya bi hanyar Yendi ko ta Savelugu a watan Janairu ya ga daji ya ƙone ƙurmus, ya kuma dawo bayan ruwan farko ya tarar da shi kore shar, ya san abin da nake nufi. Shi ya sa mutane da yawa masu fili ɗaya ko biyu gashinsu ke dawowa da kansa cikin watanni zuwa shekara, ko ba a sa komai ba. Sau da yawa yakan fara fitowa fari, siriri, daga baya ya yi baƙi. Ba kowa ba fa. Wasu ya tafi ya dawo, wasu ya cinye kan duka, wasu har gira da gemu da gashin jiki. Amma ko bayan shekaru ƙofar tsirowa ba ta rufe ba, matuƙar fatar ba ta yi tabo ba.

Tabo kuwa mu ne muke kawo shi. Reza, da tafarnuwar da ake ɗaurewa ta kwana, da ruwan batir da na ji wasu na sawa, suna ƙona fata har ƙasa, kuma inda fata ta ƙone ta yi tabo saiwa ta mutu ke nan har abada. Wutar daji ta bar saiwa, mu mun zo da fartanya mun tone ta. Kuma a nan ne asirin nasarar mai magani yake. Tunda ciwon yakan warke da kansa, duk abin da aka shafa na ƙarshe shi ke karɓar yabo. Wanda nasa ya dawo zai zagaya gari yana ba da labari. Wanda ya samu tabo sai ya sa hula ya yi shiru, a ce aljanin nasa ne mai taurin kai.

Zan yi adalci. Ba duk abin da ke hannun mutanenmu ne shirme ba. A 2002 wasu likitoci a Iraƙi sun wallafa ɗan ƙaramin gwaji da ruwan albasa, suka ga gashi ya dawo wa da yawa daga cikin waɗanda suka shafa. Likitocin fata ma suna da wata hanya ta shafa sinadarin da ke tayar da ɗan ƙaiƙayi da gangan don ya karkatar da hankalin garkuwar jiki. Sai dai gwajin albasar ƙarami ne, mutanensa ba su da yawa, ita kuma hanyar likitocin da awo ake yin ta, ana duba fatar duk mako. Tsakanin wannan da tsaga kan yaro a cusa masa tafarnuwa akwai tafiya mai nisa.

Yadda aka kai ga gane duk wannan ma labari ne mai daɗin ji. Angela Christiano masaniyar ƙwayoyin gado ce a Jami'ar Columbia da ke New York, kuma ita kanta ciwon ya kama ta a shekarun 1990. Maimakon ta ɓoye sai ta mayar da shi aikin rayuwarta. A 2010 ita da abokan aikinta suka wallafa bincike a mujallar Nature, bayan sun duba ƙwayoyin gadon masu ciwon sama da 1,000. Suka tarar ciwon ɗan dangi ne ga ciwon sukari nau'in farko, wanda ke kama yara, da kuma wani nau'in amosanin gaɓɓai, duka cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya. Wannan ya buɗe hanya, domin an riga an ƙera magungunan da ke tare saƙon kururuwar nan a cikin ƙwayoyin garkuwa. Akwai wasu 'yan aike a cikin ƙwayar da ake kira JAK. In aka tsare ɗan aike, kururuwa ba ta isa ba, taron ya watse. A 2014 suka gwada a kan ɓeraye, sannan a kan mutum uku, gashinsu ya dawo kusan duka cikin wata uku zuwa biyar. A wannan shekarar dai, a Jami'ar Yale, Dokta Brett King ya ba wani saurayi ɗan shekara 25 da ba shi da gashi ko'ina a jikinsa irin wannan magani, cikin wata takwas kansa ya cika.

Daga nan aka yi manyan gwaje-gwaje. A watan Yunin 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar Olumiant don manya masu ciwon mai tsanani, a 2023 ta amince da Litfulo wanda ake ba 'yan shekara 12 zuwa sama, a 2024 kuma Leqselvi. A gwajin Olumiant da aka yi da mutum 1,200, fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka sha babban awo gashi ya rufe musu aƙalla kashi 80 cikin 100 na kai bayan mako 36. Ga mutumin da ya shekara goma kansa ƙwal, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis a Aboabo. Lokacin da Litfulo ya fito, farashin da kamfanin ya sa masa a Amurka dala 49,000 ne a shekara. Ni da albashin ticha ko lissafin ba na so in yi. Sannan yawanci in aka daina sha gashin yakan sake zubewa. Babban abin kuma, maganin da ya kwantar da 'yan sintiri ya ba ɓarayin gaske dama. A jikin kwalinsa akwai gargaɗi a kan cututtuka masu tsanani, da daskarewar jini a jijiya, da wasu nau'o'in daji. Dole a gwada mutum a ga ko yana ɗauke da tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B kafin a fara, kuma duk wanda ke zaune a arewacin Ghana ya san waɗannan biyun ba baƙi ba ne a gidajenmu. Ba a Tamale ko Kumasi aka yi gwaje-gwajen nan ba. Yanzu akwai masu araha da ake yi a Indiya, kuma ina jin tsoron ranar da za su fara yawo a WhatsApp kamar yadda man bilicin ke yawo, ana sha ba gwaji, ba likita. Wanda nasa ya yi tsanani ya nemi likitan fata, ko da ta kai shi ga Asibitin Koyarwa na Tamale, ko Komfo Anokye, ko Korle Bu. Gaskiya likitocin fata sun yi ƙaranci a ƙasar nan kuma yawancinsu suna kudu, wannan kuka ne da ya kamata 'yan majalisarmu na arewa su riƙa ji daga bakinmu. Mai fili ɗaya ko biyu kuwa, abin da likita kan yi ba ya wuce man shafawa, ko 'yar allura a cikin fatar wurin, ko ma ya ce a jira a gani.

Don haka ni a ganina ribar da wannan bincike ya kawo mana a Zogbeli yau ba ƙwayar dala 49,000 ba ce. Ilimin ne, kuma shi kyauta ne: ba a ɗauka, saiwar tana da rai, kuma babu hannun kowa. Wannan na ƙarshe ya fi mini nauyi. Na yarda da gaibu kamar kowane Musulmi, ba na musun aljanu ko sihiri. Amma yarda da samuwar abu daban, ɗora wa baiwar Allah laifi ba hujja daban. Matar nan da aka zarga ta yi wata da watanni ana ɗauke yara in ta fito tsakar gida, a kan abin da yake faruwa a cikin jinin yaron, wanda wataƙila ta wurin kakanninsa ya gado shirin kamuwa da shi. Wa zai biya ta wannan? Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti, kuma ba su ƙona fatar kowa. Ina roƙon malamanmu masu wa'azi da tafsiri su faɗi wannan a fili, domin kaka za ta ji maganar liman kafin ta ji ta ticha.

Mu malaman makaranta kuma namu gyaran ya fi sauƙi, kuma ya fi zama dole. A kwalejin horon malamai an koya mana duba tsabtar yara, amma ban tuna an taɓa nuna mana bambancin fili da fili a kai ba. Gaskiya ne makero ya fi yawa a cikin yaranmu nesa ba kusa ba, shi ya sa zato ke fara tafiya can. Amma shi makero yana da alamunsa: wurin yakan yi gari-gari kamar toka, yana ƙaiƙayi, ga guntayen gashi da suka kakkarye, wani lokaci ya kumbura ya yi ruwa, har kaluluwa ta fito a wuya. Yana bin injin aski da mataji da hula, kuma maganinsa na sha ne na makonni, man shafawa kaɗai ba ya kashe shi. Filin alofeshiya kuwa sumul yake kamar tafin hannu, fatar lafiya lau, yawanci ba ƙaiƙayi ba zafi. Wani lokaci za ka ga 'yan ƙananan ramuka a faratan yaron. Akwai kuma na uku da ke damun 'yan mata da iyayensu, wato gashin gaban goshi da ke ja baya saboda kitso mai tsauri. Wannan jan ne sanadinsa, kuma in aka daɗe shi ma yakan zama na dindindin. Ba aikin ticha ne ya yanke hukunci ba. Aikinsa ya kira yaron gefe, ba a gaban layi ba, ya tura iyaye asibiti. Ko makeron ne ma, likitoci sun ce da zarar an fara shan magani babu dalilin hana yaro zuwa aji. Ni na hana wanda ba shi da komai mai yaɗuwa karatun mako uku, wanda daga baya ya zama kusan zango guda saboda ciwon da aka ji masa.

Sai maganar hula. Yarinya a nan Tamale hijabinta yakan rufa mata asiri, ko da yake na san matan aure da ke ɓoye abin har ga mazajensu don tsoron gori, da 'yan matan da ke fargabar ranar da dangin miji za su gani. Namiji kuwa ba shi da mafaka, ga dokar aski ƙasa-ƙasa, ga dokar cire hula a aji. Ƙasar nan ta yi ta muhawara a kan gashin ɗalibai a 2021, lokacin da maganar yaran nan 'yan Rasta da makarantar Achimota ta kai kotu, kotu kuma ta ce a karɓe su. In doka ta iya sassautawa saboda aƙida, ban ga abin da zai hana hedimasta ya bar yaro mai lalura ya sa 'yar hularsa ba. Wani abokin aikina ya ce in aka bar ɗaya gobe duk aji za su zo da huluna. Na ce masa to su zo mana, yaran Musulmi ne, hula ce ba kwalba ba. Manya ma abin bai bar su ba. Akwai magidancin da fili ya fito masa a tsakiyar gemu, ya aske duka don kunya, sai aka koma cewa ya bar sunna.

Ɗalibin nawa yanzu yana ƙaramar sakandare. Filin da ke saman kunnensa, wanda kuɗi ba su kai a yi masa magani ba, bayan kamar wata bakwai ya fara fitar da farin gashi, yara suna ce masa tsoho, daga baya ya yi baƙi, yau ko ka duba ba za ka gane wurin ba. Na ƙeya kuwa, wanda aka tsaga sau uku, yana nan, tabo ne mai sheƙi, likita ya ce ba zai sake tsirowa ba. Matan gidan sun koma gaisawa, amma ba a koma cin tuwo a kwano ɗaya ba. Na je na ba shi haƙuri a gaban babansa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Malam." Ranar Asabar da ta wuce na gan shi a shagon mai aski kusa da masallacinmu, yana nuna wa mai askin da yatsa inda zai bar gashin ya ɗan yi tsawo don ya kwanta a kan wurin.